Hoton zuciya kafin maganin sankara: wane ne ya dace, kuma sau nawa?

Ƙanwar Majinyaciya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura. An tabbatar wa yayata sankarar mama a ɓangaren hagu, kuma an tsara za a fara ɗaura mata ruwan maganin daji a mako mai zuwa. To amma da likitan ya ji cewa shekara tara da suka wuce ta yi kumburi da haki bayan haihuwarta ta huɗu har aka kwantar da ita, sai ya dakatar da komai, ya ce sai an yi mata hoton zuciya da ake kira eko. Mun nuna masa takardar ECG da aka yi mata a watan jiya, ya ce ba ita yake nema ba. Mijinta yana ganin jinkiri ne kawai da ƙarin kashe kuɗi, tunda ciwon a mama yake ba a zuciya ba, wani ɗan uwanmu kuma ya ce in dai hoto na gaske ake so, gara a wuce kai tsaye a yi MRI, hoton da ake ɗauka da babbar na'urar maganaɗisu. Ni kuwa na rasa maganar wanda zan ɗauka, ga ranar tana matsowa.

Likitan Zuciya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Malama, likitan nan ya yi abin da ya dace, kuma ina roƙon ku kada ku ɗauki kwana biyu ko ukun nan a matsayin ɓata lokaci.

ECG da eko ba aikinsu ɗaya ba. ECG yana zana wutar da ke tafiyar da bugun zuciya ne a kan takarda, kuma mutum yana iya samun tsokar zuciya da ta fara rauni ba tare da takardar ta nuna wani abin tashin hankali ba. Eko kuwa ɗan uwan hoton da ake yi wa mai juna biyu ne: ana aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙirji, ya dawo da hoto mai motsi, a ga girman ɗakunan zuciya huɗu, da kaurin bangonsu, da yadda ƙofofinsu ke buɗewa da rufewa, da ƙarfin matsewar tsokar. Babu allura, babu tururin da ke cutarwa, kuma tun 1953 da masana biyu, Edler da Hertz, suka fara gwada shi a Lund ta ƙasar Suwidin ake ta inganta shi.

Dalilin neman sa shi ne maganin kansa. A cikin ruwan da aka fi ɗaura wa masu sankarar mama akwai doksorubisin, wanda majinyata ke kira jan ruwa saboda launinsa. Magani ne mai ƙarfi da ya ceci rayuka masu yawa, sai dai yana iya lahanta ƙwayoyin tsokar zuciya, kuma lahanin yana taruwa ne gwargwadon jimillar abin da aka taɓa ba mutum a tsawon rayuwarsa. Wani nazari da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa idan jimillar ta kai miligiram 400 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kimanin mutum 5 cikin 100 ne zuciyarsu ke gazawa, idan kuma ta kai 550 adadin yana tashi zuwa 26 cikin 100. Tsarin da aka saba na zagaye huɗu yana tsayawa ne a 240, wato ƙasa da wancan sosai, amma wannan lissafi na mai lafiyayyar zuciya ne. Wadda ta taɓa yin ciwon zuciya bayan haihuwa tana cikin rukunin da ake sa wa ido fiye da kowa, ko da ta shekara tara ba ta ji komai ba, domin zuciyar da ta taɓa galabaita ba lallai ta kasance da ajiyar ƙarfi irin ta da ba.

Abin da nake so mijinta ya fahimta shi ne, hoton farko ma'auni ne da za a riƙa auna duk na baya da shi. Idan ba a yi shi ba, aka zo bayan wata huɗu aka ga rauni, babu mai iya cewa maganin ne ya jawo ko dama can haka zuciyar take, kuma a kan wannan amsar ce za a yanke shawarar ci gaba da magani ko sauya shi.

Ma'aikaciyar Jinya a Sashen Daji:
Likita ya faɗi gaskiya. Ina so in ƙara cewa ku tambaya ko an gwada naman da aka ciro an ga yana da alamar nan da ake kira HER2, domin idan yana da ita, za a iya ƙara mata wani magani mai suna tirastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, kuma yawanci shekara guda ake yi ana ba da shi. Shi ma yana taɓa zuciya, amma ta wata hanya dabam, kuma galibi idan aka dakatar da shi aka ba da maganin zuciya ƙarfin yana dawowa. Ƙa'idarsa ita ce a yi eko duk bayan wata uku muddin ana kan sa. Tunda kuma ciwon a hagu yake, idan aka zo gashi, wato ƙona ƙwayoyin dajin da hasken na'ura, zuciya tana kusa da wurin da ake haskawa, shi ya sa a inda ake da kayan aiki ake koya wa majinyaciya ta ja dogon numfashi ta riƙe lokacin gashin, don huhu ya cika ya nisanta zuciyar daga ƙirji. Ku tanadi jaka guda ta takardu tun yau, kada ko ɗaya ta ɓata.

Malami Mai Ritaya:
Ina yi wa kowa sallama, ina kuma yi wa wannan baiwar Allah addu'ar samun sauƙi. Likita, ban ja da iliminka ba, amma bari in faɗi abin da ke ran mijin nan, domin na yi jinyar matata shekara biyu kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma na san yadda kuɗi ke ƙarewa. Waɗannan ƙa'idoji na kowane wata uku an rubuta su ne a ƙasashen da inshora ke biya. A wurinmu gona ake sayarwa a sayi zagaye ɗaya na magani, kuma duk nairar da ta tafi wajen hoto an cire ta ne daga kuɗin ruwan da za a ɗaura. Na ga mutanen da suka bar magani a tsakiya saboda gwaje-gwaje sun cinye abin da ke hannunsu. Shin ba zai wadatar ba likita ya sa abin sauraron ƙirji, ya duba ƙafa, ya tambayi numfashi, sai in ya ga alama a nemi hoto? Likitocinmu na da haka suke yi, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Ma'aikacin Ɗakin Hoto:
Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Damuwarka gaskiya ce, kuma mu da muke karɓar rasit a bakin ƙofa muna ganin ta kullum. Sai dai a wannan wurin ido yana makara. Lokacin da ƙafa za ta kumbura, ko mutum ya kasa kwanciya sai da matashi uku, tsokar ta riga ta daɗe da raunana, kuma abin da ake nema shi ne a riga wannan lokacin.

Bari in yi bayanin lambar da za ku gani a takarda, domin tana yawan firgita dangi. Ana rubuta EF, a gabanta kuma lamba kamar 60. Zuciya ba ta juye duk jinin da ke cikinta a bugu ɗaya, ko ta ɗan wasan motsa jiki ce. EF shi ne kason jinin da ɗakin ƙasa na hagu ke turawa waje a kowane bugu daga cikin abin da ya cika shi, kuma daga wajen 55 zuwa 70 lafiya ce ƙalau. Na sha ganin wanda ya karɓi takarda mai 58 ya fita yana kuka, a zatonsa kusan rabin zuciyar ya mutu, alhali babu abin da ya same ta.

Amma akwai abin da ya kamata in faɗa a kan aikinmu. Lambar nan ba ta da tsayayyen daidaito irin na sikelin zinariya. Idan mutum biyu suka auna zuciya ɗaya a rana ɗaya da eko na yau da kullum, za a iya samun bambancin da ya kai maki 10, musamman idan ɗayan ƙiyasi ya yi da ido, ɗayan kuma ya zana iyakar ɗakin ta fuska biyu kamar yadda hanyar Simpson ta tanada. Matsalar ita ce, faɗuwar maki 10 zuwa ƙasa da 50 ita ce dai alamar da ake cewa magani ya yi lahani. Ke nan kuskuren awo kaɗai zai iya sa a dakatar da maganin da ke ceton rai, ko a ci gaba da wanda ke cutarwa. Shi ya sa nake ba da shawara a riƙa komawa wuri ɗaya, na'ura ɗaya, in da hali ma hannu ɗaya. Hoto biyu da aka ɗauka a ɗaki ɗaya da kulawa sun fi hoto biyar da aka tsinto a wurare biyar amfani, kuma sun fi sauƙi ga aljihu. Ga wadda aka yi wa tiyata a maman hagu kuma, tabo da ciwon wurin kan hana mu samun inda za mu ɗora kan na'urar, wanda hakan wani dalili ne na ɗaukar hoton farko da wuri.

Ɗalibin Likitanci:
Malamaina, ina da tambaya biyu. An koya mana cewa akwai wani awo da ake kira GLS da ke riga EF nuna lahani, amma ban gane dalilin ba. Sannan littattafanmu suna cewa MRI ne ya fi kowane hoto daidaito wajen auna ɗakunan zuciya, to me ya sa ba za a goyi bayan ɗan uwan nan da ya ce a wuce can ba? Na kuma ga ana ambaton MUGA a tsofaffin takardu.

Likitan Zuciya:
Tambayoyinka suna da kyau. Zaren tsokar zuciya ba fuska ɗaya suka kwanta ba: akwai masu tafiya a tsaye daga gindi zuwa tsini, mafi yawansu a shimfiɗar ciki, akwai kuma masu zagayawa kamar ɗamara. Na tsayen su ne suka fi saurin jin jiki, kuma idan suka yi rauni na zagayen kan rufa musu asiri na wani lokaci, sai EF ya zauna yadda yake. GLS yana bin ƙananan ɗigogin da ke cikin hoton tsokar ne ya auna yadda take gajarcewa a tsaye, kuma a lafiyayyen mutum yakan kai wajen kashi 18 zuwa 20 ko fiye. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2022 ta ce idan ya ragu da fiye da kashi 15 cikin 100 na abin da yake tun farko, to lahani ya fara ko da EF bai motsa ba. Misali, wanda ya fara da 20 ya koma 16 ya yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, ya haye iyakar. Ka lura cewa wannan lissafi ba ya yiwuwa sam idan babu awon farko.

MUGA kuwa tsohuwar hanya ce da ake sa wa jini sinadari mai tururi a ƙirga shi da kyamara. Lambarta tana da daidaito, amma EF kawai take bayarwa, ba ta nuna ƙofofi ko jakar da ke lulluɓe da zuciya, ga shi kowane zuwa sai mutum ya sha tururi, don haka yanzu sai in babu wata hanya.

MRI ya fi eko daidaito, babu musu, amma babban amfaninsa a wani wurin yake, wato gane irin ciwon da ke cikin naman kansa. Ana yi wa mutum allurar gadoliniyam, a jira kamar minti goma zuwa sha biyar, sai sinadarin ya fice daga lafiyayyen nama ya maƙale a inda tabo yake, wurin ya fito fari. Inda farin ya zauna shi ke ba da labari. Idan ya faro daga shimfiɗar ciki ya bi yankin jijiya guda, to toshewar jijiya ce ta kashe wurin. Idan layi ne a tsakiyar bango, ya fi kama da ciwon tsokar da ke sa zuciya ta buɗe ta saki. Idan a shimfiɗar waje yake, muna tunanin kumburin tsoka irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ko sababbin magungunan daji masu zaburar da garkuwar jiki. Yana kuma taimakawa wajen raba kaurin bango na gado, wanda ake samu a kimanin mutum 1 cikin 500 kuma ake zarginsa idan kaurin ya kai milimita 15, da kaurin da hawan jini ya jawo, wanda shi ne muka fi gani a asibitocinmu nesa ba kusa ba. Akwai ma wani ciwo da furotin ke taruwa a tsokar ya sandarar da ita a tsufa, wanda wani nau'insa na gado ya samo asali daga Afirka ta Yamma, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi. Ina da yaƙinin muna wuce wasu dattawanmu masu shi muna cewa hawan jini ne.

Duk da haka, ga Yaya ba shi ne matakin farko ba. Kuɗinsa ya ninka na eko sau da yawa, ba kowace na'urar MRI ke da manhajar zuciya da ƙwararren mai karantawa ba, ana ɗaukar kusan awa guda a kwance ana riƙe numfashi, kuma ana taka-tsantsan da allurar ga mai ciwon ƙoda mai tsanani da mai juna biyu. Abin da za a maimaita sau da yawa dole ya zama wanda ake iya kaiwa gare shi. Idan ekon bai fito da kyau ba, ko ya nuna abin da ba a gane ba, a nan ne MRI zai biya kuɗinsa.

Mahaifiyar Mai Sikila:
Likita, ka gafarce ni in shigo da tawa, tunda maganar lahanin magani ake yi. Ɗana yana da sikila, an yi masa ƙarin jini fiye da yadda zan iya ƙirgawa tun yana ƙarami, kuma an taɓa gaya mini cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin yana taruwa a jiki har ya kai zuciya. Duk ekon da aka yi masa ana cewa lafiya. Shin hakan ya isa in kwantar da hankalina?

Likitan Zuciya:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Eko ba ya ganin ƙarfe, sai dai ya ga raunin da ƙarfen ya haifar daga baya. Wannan yana cikin wuraren da MRI ba shi da madadi: akwai awon da ake kira T2 mai tauraro, ba ya buƙatar allura, kuma idan ya sauka ƙasa da 20 ƙarfe ya fara taruwa a zuciya, ƙasa da 10 kuwa ya yi tsanani. Abin da zai ɗan sanyaya miki rai shi ne, a masu sikila ƙarfen ya fi taruwa a hanta, taruwarsa a zuciya ba ta kai yadda ake gani a masu talasimiya ba, wato wani ciwon ƙarancin jini na gado. Ki fara da tambayar likitan jininsa game da gwajin feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, da yawan ledojin da aka ƙara masa, shi zai ce ko lokacin awon ya yi. Ki kuma roƙa a riƙa duba matsin jinin jijiyar huhu a duk ekon da za a yi masa, domin wannan yana damun masu sikila.

Ungozoma daga Maraɗi:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ciwon da Yaya ta yi bayan haihuwa. A nan wajenmu ma muna ganin sa sosai, mace ta haihu lafiya, kafin arba'in ko jim kaɗan bayanta ta fara kumburi da tari da kasa kwanciya. Tun muna makaranta ake gaya mana cewa wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa su ne sanadi, kuma haka nake faɗa wa mata har kakanni suna jin haushina. Yanzu kuma na ji ana cewa ba haka ba ne. Likita, wanne za mu riƙe, kuma ta yaya ake sanin cewa abin da Yaya ta yi shekara tara baya ciwon tsokar zuciya ne ba wani abu ba?

Likitan Zuciya:
Malama ungozoma, wannan tambaya ta taɓo inda hoto ya sauya fahimtarmu a ƙasarmu ta haihuwa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bayyana wannan ciwo a Zariya, inda suka same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, suka kuma danganta shi da zafi da gishirin kanwa. Yawancin wancan aiki an yi shi ne da duban majinyaci da hoton ƙirji, wanda inuwar zuciya kawai yake nunawa, kuma inuwa tana iya girma saboda tsoka ta saki, ko ruwa ya taru a jakar zuciya, ko ƙofa ta lalace. Da aka sa eko a Zariyar a ƙarshen shekarun, sai aka ga cewa a wasu matan tsokar tana matsewa da ƙarfinta, ruwa da gishiri ne suka yi wa jiki yawa. Ke nan cututtuka fiye da ɗaya ne suka taru a ƙarƙashin suna guda. A yau ba a kiran sa ciwon tsokar zuciya na haihuwa sai eko ya nuna EF ƙasa da 45 a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, kuma babu wani sanadin.

Da wannan ma'auni ne Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka tattara majinyata daga asibitoci da dama na Najeriya a binciken da suka kira PEACE. Sun samu cewa Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu ciwon, amma ba su ga alaƙa tsakaninsa da al'adun jego ko ƙabila ba. Abin da ya fito shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jini mai haɗari na lokacin ciki. An kuma sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon, a Kano da kuma a Yamai tun kafin nan. A nawa ganin, ki ci gaba da hana mai kumburi ko hawan jini shan kanwa, domin gishiri yana ƙara wa zuciya mai rauni kaya, amma kada mu bar mace da tunanin ita ta jawo wa kanta.

Game da Yaya, idan ba a yi mata eko a wancan lokacin ba, na yanzu ne zai nuna ko an bar wani saura, kamar ɗaki da bai koma girmansa ba.

Malami Mai Ritaya:
Na karanta duka, na kuma gamsu cewa hoton farko ba abin wasa ba ne. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Idan mutum ba shi da kuɗin hoto shida, kuɗin biyu ko uku kawai yake da shi, wanne zai yi, wanne zai bari? Wannan ita ce tambayar da ake yi a gidajenmu, kuma idan likita bai amsa ta ba, dangi za su amsa ta da kansu a cikin duhu.

Likitan Zuciya:
Baba, ka yi gaskiya, kuma bai kamata mu kauce mata ba. Wani bincike a Milan ta Italiya da ya bi majinyata fiye da 2,600 ya samu cewa kimanin 9 cikin 100 ne suka sami lahani daga irin wannan jan ruwa, kuma kashi 98 cikin 100 na lahanin ya bayyana ne a cikin shekarar farko bayan gama magani. Masu binciken sun kuma nuna cewa waɗanda aka fara wa maganin zuciya a cikin wata biyu da gano raunin sun fi farfaɗowa, waɗanda kuwa aka wuce wata shida ba a fara musu ba, ba a sami wanda ya dawo gaba ɗaya ba. Magungunan da aka yi amfani da su, enalafiril da kabedilol, ana samun su a kantunanmu kuma ba su cikin masu tsada. Saboda haka ga mai ƙaramin haɗari da hannunsa bai kai ba, zan ce a riƙe na kafin farawa, a riƙe na cikin shekarar da aka gama. Ga Yaya kuwa ba zan iya rage mata haka ba: ƙa'ida ta ce irinta a duba bayan kowane zagaye biyu, da cikin wata uku bayan gamawa, da kuma a wata na sha biyu. Idan kuɗin ya gagara, a faɗa wa likitan dajin a fili tun yanzu, domin akwai tsarin magani da babu jan ruwa a cikinsa, kuma gara ya zaɓa yana sane da abin da za a iya bibiya.

Ƙanwar Majinyaciya:
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mijinta bayananku, shi da kansa ya kai ta jiya. An rubuta EF 52, an ce ɗakin hagu ya ɗan fi ƙima girma kaɗan, ƙofofi lafiya, babu ruwa a jakar zuciya. Wurin da aka rubuta GLS an bar shi babu komai, mai ɗaukar hoton ya ce na'urarsu ba ta da wannan manhajar. Likitan dajin ya ce za su zauna da likitan zuciya kafin su tsayar da maganin da za a fara. Shin 52 abin tsoro ne, kuma mu je wani wurin don a yi GLS ɗin?

Likitan Zuciya:
Malama, 52 ba gazawar zuciya ba ce, amma tana bakin iyaka, domin daga 50 zuwa 54 ana ɗaukar sa a matsayin ƙasan lafiya, kuma idan aka haɗa da ɗakin da ya ɗan girma da tarihin jegonta, ya nuna cewa likitan ya yi daidai da ya tsaya. Mai yiwuwa su fara mata maganin kare zuciya tun kafin zagayen farko, ko su sauya tsarin, kuma wannan hukuncin nasu ne tunda su suka gan ta. Ki tambaye su ko za a iya ɗibar jini a auna turofonin da NT-proBNP, sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan zuciya ta jigata, kafin a fara, don su ma a sami ma'auninsu na farko. Game da GLS, idan akwai wurin da ke yin sa a garinku kuma za ku iya komawa can duk lokacin da aka buƙata, to ku je kafin a ɗaura ruwan farko, ku mayar da can wurin bibiyarku. Idan zuwa ɗaya ne kawai za ku iya, ku zauna inda kuka fara.

Ma'aikacin Ɗakin Hoto:
Ƙari a kan haka, ki duba takardar ko an rubuta hanyar da aka bi aka sami 52 ɗin, da girman ɗakin a cike da kuma bayan ya matse, a mililita. Idan babu, ki koma ki roƙa a ƙara, domin hotunan suna nan a na'urar. Ki tafi da filashi a zuba miki hoton mai motsi, kuma a rubuta hawan jininta da bugun zuciyarta na ranar, tunda su ma suna motsa lambar.

Ƙanwar Majinyaciya:
Na koma da safen nan. An ce da hanyar Simpson aka auna, an ƙara mini lambobin biyu a takarda, an kuma zuba hoton a filashi na sa a jakar da Sista ta ce a tanada. Wurin da ke yin GLS yana da nisan awa huɗu daga garinmu, don haka mun yanke shawarar zama a nan. Sun rubuta mana komawa bayan zagaye na biyu, kuma na roƙi a haɗa mu da wanda ya ɗauki na farkon, ya ce ranar Talata da Alhamis yake zama.